Maganin Saje

Mijina Kofur ake ce masa, karensa kuma Saje, to daga nan ma ka san wa ke sama da wa a gidanmu. Bai taɓa yin soja ba. Gadi ya yi a wani ƙaton ɗakin ajiyar kaya, shi ke kula da karnukan gadi har kansa ya yi fari. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Kofur saboda yadda yake ƙamewa in manya sun zo, shi kuma da aka kawo masa ɗan kwikwiyo mai taurin kai sai ya ce wannan ya fi shi muƙami. Ranar da ya ajiye aiki aka ce karen ma ya tsufa, ya tafi da abinsa. Mazan mutane agogon bango suke kawowa gida ranar sallama. Nawa kare ya kawo mini, baƙi wuluk, kai kamar turmi.

Ni ba na shiri da kare, kuma ban ɓoye ba. Na ce wa Kofur iyakar karen tsakar gida, kada in ga ƙafarsa a bakin ɗakina, kada ya kusanci igiyar shanya. Kofur ya gina masa ɗan ɗaki kusa da famfo, muka zauna a haka, ni da Saje muna kallon juna ta gefen ido kamar maƙwabtan da suka taɓa yin rigimar katanga.

Akwai ƙa'idar aikinsu da ya kamata ka sani. Karen gadi ba ya cin abu daga hannun kowa sai na mai shi, ba ya kuma ɗaukar abin da ya tarar a ƙasa, don ɓarayi nama suke jefowa da guba a ciki. Kofur ya ƙara da tasa dabarar. Duk abin da zai ba Saje sai ya fara gutsura a gabansa, ya tauna, sannan ya miƙa masa a tafin hannu. In bai gutsura ba, Saje ko shinshinawa ba zai yi ba. Na sha ce masa, "Kai dai wata rana sai ka yi haushi." Sai ya yi dariya ya ce in ya yi haushin ni zan fara gudu.

Tsufa ya kama su tare, kuma a wuri guda. Gwiwoyin Kofur suka kumbura, tashi daga kujera sai da nishi, sai ya dafa bango. Da can ƙwayoyin kashe ciwo yake sha kamar gyaɗa, har suka ci masa ciki, gyambon ciki ya kwantar da shi a asibiti. Ga hawan jini. Likita ya ja masa kunne a gabana, ya ce irin waɗannan ƙwayoyin shi da su har abada. Muna dawowa na bi gidan lungu-lungu, aljihun riguna, ƙarƙashin katifa, cikin tsohon takalmin aiki, na kwashe su kaf na zubar. Na je wurin mai kemis na bakin layi na ce masa in ya ƙara sayar wa mijina ko ƙwaya ɗaya, ni da shi ne. Abin da likita ya yarda da shi kawai na bari, ga man shafawa, ga gashi da ruwan zafi. Kofur ya ce duk wasan yara ne, ciwon ko gezau ba ya yi.

Ana nan sai Saje ya fara ɗingishi. In zai tashi sai ya ja ƙafafun baya, ya yi ɗan kuka a maƙogwaro. Mutumin da sai na yi da gaske yake zuwa ganin likitansa, ranar tun da safe ya sa hula, ya kira Direba, maƙwabcinmu mai tasi, ya ce asibitin dabbobi za a kai su. Ni ma na bi, don kada a ce tsoho ya faɗi a hanya matarsa tana gida.

Likitar dabbobin mace ce, 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce a ɗora kare a sikeli, Saje ya ƙi hawa. Sai Kofur ya cije, ya sunkuce shi ya hau da shi, aka duba, ya sauke shi ya sake hawa shi kaɗai, aka cire nasa nauyin. Likitar ta yi masa bayanin cewa ƙwayar da nauyin kare take tafiya, ta ba shi kwalba, ta ce guda ɗaya kullum bayan ya ci abinci. Na ga Kofur yana kallon sikelin yana motsa leɓe, amma ban kawo komai a raina ba.

Ƙwayoyin nan ba su yi kama da magani ba. Ruwan ƙasa ne, masu ɗan taushi, suna ƙamshin busasshen nama, don kare ya tauna da daɗi. Ba a yi sati ba Saje ya miƙe. Wallahi da idona na gan shi yana bin ƙadangare har kan tulin yashi, yana tsalle kamar ɗan kwikwiyo. Kofur na zaune a kujerarsa, sanda tsakanin ƙafafu, yana kallonsa ba ya ko ƙiftawa.

Can kuma sai Kofur ma ya fara miƙewa.

Wata safiya na fito na ga sandar jingine a bango, mai ita yana share tsakar gida. Washegari ya ɗauki igiyar Saje suka zaga layi. Da yamma har tsugunnawa ya yi ya gyara mini ƙafar murhu. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin da na daɗe ban ji ba. Na ɗauka gashin da nake yi masa ne ya karɓe shi. Har fankama na yi wa matar Direba ta kan katanga, na ce mata sirrin shi ne tawul ya yi zafi sosai, a matsa daga ƙasa zuwa sama. Ita ma baiwar Allah ta je ta ƙona wa uwar mijinta gwiwa da tawul.

Abu ɗaya ne ya dame ni, bakinsa. In ya matso kusa sai in ji ƙamshin nama. Na ce, "Maigida, nama kake saya a waje kana ci kai kaɗai?" Ya ce haba, shi da wane haƙorin.

Daɗin bai daɗe ba. Na farko dai Saje ne ya koma ɗingishi, wata rana ya warware, wata rana ya kasa tashi. Kuma ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a, in Kofur ya zauna sai ya zo ya ɗora haɓa a cinyarsa, yana shinshinar bakinsa, yana tura hanci aljihun rigarsa yana kuka ƙasa-ƙasa. Kofur sai ya ture shi ya kau da kai. Tun da nake ban taɓa ganin ya ture karen nan ba.

Sannan shi ma Kofur ɗin ya fara canzawa. Abinci ya rage, cokali biyu ya ture kwano. Leɓensa ya yi fari fat, tafin hannunsa kamar an wanke da toka. In ya miƙe sai ya tsaya ya runtse ido. Ƙafafunsa suka yi suntum har takalmi ya daina shiga. Na tambaye shi, ya ce gajiya ce, ya daɗe bai motsa jiki haka ba. Ni ke wanke banɗaki, ni na ga abin da ya bari wata safiya, baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani irin wari da ban manta ba tun kwanciyarsa ta farko. Na sake bin gidan lungu-lungu, ban sami ƙwaya ko ɗaya ba. Na je na tsare mai kemis, ya rantse mini da abin da zai kashe shi cewa rabonsa da Kofur tun ranar da na yi masa kashedi.

Na ce wa Kofur mu je asibiti. Ya ce gobe. Gobe ta yi, ya ce jibi.

Ranar da abin ya fashe, haushin karen ne ya kai ni. Na fito da hantsi na tarar da Saje kwance, ya kasa ko ɗaga kai sosai, Kofur kuma yana ɗaki wai barci yake ji. Kwalbar maganin tana kan taga a ɗakin kare, saura 'yan kaɗan a ciki. Na ce lallai jabun magani aka ba mu, yau kuwa sai na ji dalili. Na jefa kwalbar a jaka, na yafa mayafi, na hau mota.

Na shiga da faɗana tun daga ƙofa. Na dangwarar da kwalbar a teburin likitar na ce, "Ga kayanki. Kare ya sha ya warke, ya ci gaba da sha ya koma gurgu. Wannan wane irin magani ne?"

Ta ɗaga kwalbar ta girgiza, ta dube ni ta saman tabarau. "Mama, wannan ai ta uku ce. Baba ya dawo ya ce ta farko ta faɗa kwata, ta biyu kuma ya ce ruwa ya jiƙa ta. Ko wannan ɗin bai kamata a ce ta yi rabi ba."

Na ce, "Wace kwata? Gidanmu ba buɗaɗɗiyar kwata."

Ta ajiye kwalbar. Sannan ta ce, "Wa ke ba karen magani?"

"Shi mana. Ba ya karɓar komai a hannun kowa. Sai ma ya gutsura a gabansa..."

Ban ƙarasa ba. Ƙamshin naman nan, da sandar da aka jingine, da karen da ke tura hanci a aljihu, duk suka zo mini lokaci guda. Na zauna a bencin da ake ɗora karnuka, ban ma lura ba.

Likitar ta cire tabarau. Ta tambaye ni ko yana da wata cuta, na ce gyambon ciki da hawan jini. Ta tambayi launin bayan gidansa, na faɗa mata. Yarinyar nan da ba ta da hayaniya sai ga ta ta miƙe tsaye.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Maganin nan dangin waɗanda aka hana shi ne, kuma don jikin kare aka yi shi, ba wanda ya auna shi don mutum. Yana cin bangon ciki har ya huda jijiya, yana kashe ƙoda, balle ga mai shan maganin hawan jini. Baƙin da kika gani jini ne, yana zuba a cikinsa yanzu haka. Kada ki tsaya ba shi madara ko wani jiƙo. Asibiti, yanzu, kuma ki tafi da kwalbar nan ki nuna musu."

Ban san yadda na fito ba. A hanya na kira Direba na ce ya ajiye duk wanda ya ɗauko ya same ni a ƙofar gida. Ina tafe ina addu'a ina zagi, ina zagi ina addu'a. Na ce Allah ka bar mini shi da rai, ni zan ji da shi da hannuna.

Mun iso tare da Direba. Ina tura ƙofa na hango Kofur zaune a ƙasa a bakin famfo, ya jingina da bango, gaban rigarsa ya ɓaci da amai baƙi-baƙi mai gudaji. Saje, wanda na bari ya kasa ɗaga kai, yana tsaye a kansa.

Na ce, "Kofur! Maganin kare? Maganin kare ka sha?"

Ya ɗago ido da ƙyar. "Gutsurawa na fara yi, Maman Auta, don ya karɓa. Sai na ji gwiwar ta yi sauƙi." Ya numfasa. "Ai na yi lissafi. Na ninka shi a nauyi, sai na ninka ƙwayar. Ban yi da ka ba."

"Lissafin banza! Lissafin wofi! Tashi mu tafi."

"Ba inda zan je."

"Me ka ce?"

"In je in ce musu me? Tsoho da jikoki ya sace maganin karensa? Gobe a ji a layi, yara su riƙa yi mini haushi in na wuce? Bar ni, zai lafa."

Direba ya ce, "Baba, yi haƙuri, bari in ɗaga ka," ya tako. Taku biyu ya yi. Saje ya sunkuyar da kai, gashin wuyansa ya miƙe, ya yage leɓe, ya saki wani gurnani da na ji shi har cikin cikina. Direba ya yi tsalle ya koma bayan ƙofa, takalminsa ɗaya a tsakar gida. Ba laifinsa ba ne. Karen nan an horar da shi ne ya kayar da ƙato, kuma tsufa bai cire masa haƙori ko ɗaya ba.

Na ce, "Kofur, sallami karen nan."

Ya girgiza kai. Wato da karen zai kare kansa daga asibiti. Na buɗe baki zan zazzaga masa abin da bai taɓa ji ba, sai na ga idanunsa sun juye, kansa ya langaɓe, ya zame ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti. Saje ya tsallaka ya sa shi tsakanin ƙafafunsa, yana kallonmu.

Direba daga bayan ƙofa yana cewa a kira 'yan kwana-kwana, a nemo mai bindiga, a jefa masa bargo. Duk wannan lokaci ne, kuma mijina jini yake zubarwa. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Amma haushi ya fi tsoron yawa. Na ce wallahi ban yi zaman shekarun nan da mutumin nan ba don ya mutu a bakin famfo, kare na gadinsa.

Tun da Saje ya zo gidan nan nake jin yadda Kofur ke sallamarsa daga gadi. Har kwaikwayonsa nake yi in muna raha, in ƙame, in tura ƙirji, yara su yi ta dariya. Ba tsawa ake yi ba. Tsayawa ake yi daram, a bugi cinya sau biyu da tafin hannu, a saukar da murya can ƙasa.

Na ajiye jaka. Na ɗaure mayafina a ƙugu. Na ciro igiyar daga ƙusar da take rataye, na tako har inda nake jin hucin numfashinsa a ƙafata. Na bugi cinya sau biyu.

"Saje. Aiki ya ƙare. Gefe."

Gurnanin bai tsaya ba. Ya dube ni, ya dubi Kofur, ya sake dubana. Ƙafafunsa na baya suna rawa don ciwo. Ban ja da baya ba, don na san in na motsa shi ke nan. Na sake bugun cinya, na ce a hankali, "Na karɓi gadi. Gefe, Saje."

Sai gashin wuyan ya kwanta. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsallake ubangidansa, ya ja jiki ya zo gefen haguna ya zauna, daidai yadda yake yi wa Kofur. Na sunkuya na maƙala masa igiya da hannun nan nawa da bai taɓa taɓa kare ba, na kai shi ɗakinsa na rufe. Sannan na juya na daka wa Direba tsawa, "Kai kuma fito, ka tsaya kana leƙe kamar amarya!"

Shi ya kama kafaɗu, ni na kama ƙafafu. Kofur ba ƙaramin mutum ba ne, amma ranar ban ji nauyinsa ba. Direba ya yi gudun da ban taɓa sanin motarsa na iya yi ba, hannu ɗaya yana ta danna oda a ba shi hanya, ƙafa ɗaya ba takalmi.

A ƙofar ɗakin gaggawa Kofur ya farfaɗo, ana tura shi a gado mai taya. Ya kamo bakin mayafina ya ce da 'yar murya, "Maman Auta, don Allah kada ki faɗa musu. Ki ce gyambon ne ya tashi."

Na ce, "To."

Muna shiga na ciro kwalbar na ɗora a gaban likita, na ce da muryar da har masu jira a waje sai da suka ji, "Maganin karensa yake sha, ninki biyu da wani abu, ya fi wata guda. Yana da gyambon ciki, yana da hawan jini. Ga kwalbar."

Kofur ya rufe ido. Ba wanda ya yi dariya. Likitan ya karanta jikin kwalbar, ya ce, "Mama, kin taimake mu, yanzu mun san abin da muke nema," ya fara ba da umarni, ma'aikata suka rufu a kansa. Aka sa masa ruwa, aka ɗaura jini. Aka zura masa wani siririn bututu mai fitila ta baki, aka gano inda jijiyar ta fashe, aka toshe. Likitan ya ce mini da mun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban, kuma ƙodarsa ta ji jiki, sai an zuba ido a ga ko za ta farfaɗo.

Autarmu ta iso da yamma tana kuka, na ce ta share hawaye ta riƙe masa hannu, kukan nawa ne in na samu sarari. Kwanakin da suka biyo baya, ni da ban taɓa damuwa da fitsarin kowa ba tun da na yaye Auta, na koma gadin jakar da ke rataye a gefen gadonsa. In ta ƙaru in yi hamdala, in ta tsaya in tashi in nemo nas. Ranar da likita ya duba sakamakon gwaji ya ce ƙodar ta fara dawowa, na fita baranda na yi kukan da na ajiye, na fyace hanci, na dawo.

Ka san abin da mutumin nan ya fara tambaya da bakinsa ya buɗe sosai? Bai ce sannu ba, bai ce ya gida ba.

"Saje ya ci abinci?"

Na ce, "Ka ga, Kofur, kada ka sa in ƙarasa abin da ƙwayar ta fara."

Amma gaskiya bai ci ba. Kullum in na leƙa gida ina tarar da kwanon yadda na ajiye shi, ruwa kawai yake sha, haƙarƙarinsa duk sun fito. Na faɗa wa Kofur. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido. Ya ce, "Na zalunce shi. Yana kallona ina tauna maganinsa, ni kuma in ba shi rabi, wata rana in hana shi. Kuma ya tsaya a kaina." Ya juyo ya dube ni. "Ke ma na zalunce ki."

Na ce, "Ka sani ashe. Ni ba zan iya zaman gidan nan ba kai ba, ka ji na faɗa maka, kuma ba zan sake faɗa ba."

Ya ce tun da Saje ya bi umarnina sau ɗaya, zai karɓa a hannuna, amma sai na gutsura.

Tabɗi! Ni, da girmana. Amma na je. Na dafa nama fari ba gishiri, na tsugunna a bakin ɗakinsa, na gutsura a gabansa na tauna, na miƙa masa sauran a tafin hannu. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matso, ya ɗauka a hankali, ko haƙori bai taɓa ni ba. Na yanko wani, na tura ƙwayarsa a ciki, na gutsuri can gefen da ba magani, na ba shi. Ƙwayar kam ko lasa ban yi ba, ni ina da hankali. Matar Direba tana leƙe ta kan katanga, na ce mata in na ji maganar nan a waje na san bakin da ta fito.

Da aka sallami Kofur, likita ya haɗa shi da masu gashin ƙashi na asibiti, suka koya masa motsa gwiwa, aka yi masa allura a gaɓar, aka ba shi maganin da cikinsa zai ɗauka. Bai koma sharar tsakar gida da tsalle ba, da sandarsa yake tafiya, amma yana tafiya, leɓensa kuma ya dawo da launinsa. Likitar dabbobi ma ta canza tsari, ta ce daga yanzu ba ta ƙara wa kowa kwalba sai ta ga karen da idonta. Labari kuwa ya zaga layi, ba ta bakina ba, ta bakin Kofur da kansa. Duk tsohon da ya zo gaishe shi sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin baƙin amai, har wani mai kiwon awaki ya yi tsuru-tsuru ya ce bari ya je gida, akwai abin da zai zubar.

Yanzu magungunan gidan duka suna cikin akwatina, makullin yana ɗaure a bakin zanena. Kwalbar Saje na ɗaura mata jan zare a wuya. Kullum da safe bayan an karya sai in fito tsakar gida, su biyun suna jirana, ɗaya a kujera, ɗaya a ƙasa. Saje nake fara ba, shi ne babba a muƙami. Sannan in zuba wa Kofur nasa a hannu, in tsaya sai ya haɗiye ya buɗe baki na gani.

Safiyar da suka fara fita zaga layi bayan dawowarsa, Kofur ya ɗauki sanda, ya ciro igiya, ya ƙame yadda ya saba, ya bugi cinya ya ce, "Saje, mu je." Karen ya miƙe, ya yi taku ɗaya, sai ya tsaya ya waiwayo yana kallona.

Kofur ya ce, "Ikon Allah. An yi mini juyin mulki a cikin gidana."

Na ce, "Da ranka aka yi, sai ka gode."

Na gyaɗa wa Saje kai, sannan ya bi shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu suna tafiya a hankali, kowa da ɗan ɗingishinsa, har suka sha kwanar mai kemis. Sannan na koma ciki na ɗora ruwan gashi, don na san in sun dawo gwiwar za ta nema.